Kankare tsirara da jan bulo: kwana huɗu a Kumasi

Tsakanin Akra da Kumasi tafiyar kusan kilomita 250 ce, kuma wanda idonsa ya saba da gini ba zai runtsa ba a cikin motar. Tun daga Nsawam, ka bi ta Suhum, ka wuce Nkawkaw a gindin duwatsun Kwahu, har Konongo da Ejisu, abu ɗaya za ka yi ta gani a bakin titi: bene hawa ɗaya ko biyu na bulon siminti, ba yaɓe ba fenti, rodi ya miƙe a saman dekin yana jiran ranar da mai gida zai samu kuɗin ƙara hawa. Wani rodin ya yi jawur, ruwan sama ya wanko tsatsarsa ta gangaro a jikin ginshiƙi kamar an tofa goro. Wannan ma kankare ne tsirara, amma tsiraicin rashi ne, don an zuba shi da niyyar filasta za ta zo ta rufa masa asiri. Abin da ya kai ni Kumasi shi ne ɗaya nau'in, wanda tun a takardar zane aka ƙudura haka za a bar shi, da abokin tafiyarsa, gasasshen jan bulo, wanda shi ma bai son yaɓe.

A Aboabo na sauka, cikin zango, inda Hausa ce harshen kasuwa da ƙofar masallaci. Mai masaukina dattijon birkila ne, yaransa na kiransa Masta, ni kuma ina ce masa Baba. Da safe muna shan koko da ƙosai na faɗa masa abin da na zo gani. Ya ajiye kofi ya ce, "Malam, ai filasta ita ce sutura ta birkila. In ka ce ba za a yi ta ba, to ka fara nemo kafinta na ƙwarai kafin ka nemo ni." Duk abin da na gani a kwanakin da suka biyo baya gaskata wannan magana ya yi.

Ranar farko a Tek na yini, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. Babbar ƙofarta an gina ta ne da siffar kujerar sarautar Asante. Makarantar ta fara a 1952 a matsayin kwaleji, ta zama jami'a a 1961, kuma tsakanin waɗannan shekaru da ƙarshen shekarun 1960 aka kafa gine-ginen da masu nazarin zanen gini ke zuwa kallo daga ƙasashe. Akwai ɗakin aikin injiniyoyi na James Cubitt, wanda rufinsa ke zaune a kan manyan bim, wato ginshiƙan kwance na kankare, masu siffar harafin Y, haske da iska na shigowa ta sama. Akwai ɗakunan kwanan ɗalibai na Africa Hall, na 1967, da Unity Hall, na 1968, wanda ɗalibai ke kira Konti. Unity Hall aikin John Owusu Addo ne, ɗan Gana, tare da Miro Marasović, ɗan Kuroshiya, lokacin tana cikin Yugoslabiya. Wanda ya san dogon gidan hayar da Le Corbusier ya kammala a Marseille ta Faransa a 1952, inda aka bar sawun katako a fuskar kankare da gangan, zai ga dangantakar. Amma a nan an juya tunanin ne don ya dace da ƙasar zafi da laima.

Kumasi tana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, tazararsu digiri bakwai ma bai cika ba, don haka da tsakar rana kusan a tsakiyar ka rana take. Shi ya sa aka shimfiɗa dogayen gine-ginen daga gabas zuwa yamma: dogon bango ya fuskanci kudu da arewa, inda ɗan baranda ko ɗan leɓen kankare ya isa ya yi masa inuwa, gajeren bango kuma ya tari ranar hantsi da ta la'asar. Ginin ba shi da faɗi, ɗaki ɗaya da baranda, don iskar kudu maso yamma ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. A kwalejin Prempeh, aikin Maxwell Fry da Jane Drew, an ƙara da katangar kankare mai huda-huda wadda ke tace rana ta bar iska. Jikokin wannan katanga ne bulon ado mai ramuka da ake bugawa a kowane lungu na zango yau.

Abin da ya fi tsayar da ni ƙarami ne, sai ka ɗaga kai za ka gan shi. A ƙarƙashin leɓen baranda ko dandamalin taga na ginin da aka yi da hankali, akwai ɗan siririn kwari da aka bari a cikin kankaren, faɗinsa kamar milimita 10, nisansa daga baki kamar 20 zuwa 25. Ruwan sama in ya gangaro ba ya faɗuwa daga baki, lallaɓawa yake ta ƙasa ya koma jikin bango. Wannan kwari ne ke yanke masa hanya ya ɗiga ƙasa. Kafinta ke yin sa, da ɗan tsinken katako da yake kafawa a cikin akwatin zubi kafin a zuba. Garin da ke samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, rashin wannan ɗan tsinke shi ne baƙin zanen da za ka gani ya sauko daga kowace taga a tsofaffin benayen cikin gari, gansakuka ta bi sawun danshi ta zauna. Maginan Kano da Zariya sun san wannan tun kafin siminti: indararo dogo ake yi don ya jefa ruwa nesa da jikin soro. Ilimin ɗaya ne, kayan aikin ne suka sauya.

A waɗancan tsofaffin benaye na cikin gari na ga ciwo na biyu, wanda ya fi baƙin zane muni: kusurwar ginshiƙi ta ɓantare, rodi ya fito fili yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Sabon kankare yana da kaifi irin na kanwa, kuma wannan kaifi ne ke hana ƙarfe tsatsa. Iskar kabon da ke cikin sarari tana shiga ta ƙofofin kankare a hankali, shekara da shekaru, tana kashe kaifin daga waje zuwa ciki. Ranar da ta isa rodi, ga danshi, sai tsatsa ta kama. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta tura kankaren daga ciki ya tsage. Maganin tun ranar zubi ake yin sa: kaurin kankaren da ke tsakanin rodi da iska. A cikin ɗaki milimita 25 ya wadatar, amma ginshiƙin da ruwa zai riƙa duka ba tare da filasta ba, kada a yi ƙasa da 40, in an kai 50 ya fi. Ana tsare wannan tazara da ƙananan dunƙulen siminti da masu aiki ke kira biskit, a ɗaure su a jikin rodi da waya, a lanƙwasa bakin wayar ciki. Gutsuren bulo ko ɗan dutse da aka tsinta a ƙasa ba biskit ba ne. Zai zame da zarar an fara zubi.

Kwana biyu na tsakiya a wurin aikin Baba na yi su, wajen Asokore Mampong, inda ake gina makarantar Islamiyya hawa biyu. Mai zanen ya tsara ginshiƙai da bim su tsaya tsirara, a cike tsakaninsu da jan bulo. Nan na ga dalilin da ya sa kafinta ke gaba da birkila.

Kankare ba ya mantuwa. Duk abin da ke jikin akwatin zubi sai ya kwafe shi: kan ƙusa, tsagar katako, zanen alli, har sawun takalmi. Katakon wawa da ake saye a kasuwar katako ta Sokoban shi ne na kowa, yana da araha da sauƙin sarrafawa, kuma in an fere shi an jera daidai yana barin zane mai kyau irin na jijiyar itace. Amma yana da hali biyu. Busasshe yana zuƙe ruwan fuskar kankare, sai launi ya fito dabbare-dabbare. Sabo kuma akwai zaƙi a jikinsa da ke hana fatar siminti kamawa, ka cire akwati ka shafa hannu ka ga gari. Shi ya sa kafintan ya fara shafe sabon katako da ruwan siminti, ya bari ya bushe, ya goge da burushi, sannan ya jiƙa shi kafin zubi. Kuma ba ya haɗa sabon katako da wanda aka yi zubi uku da shi a fuska ɗaya, don launinsu ba zai zo ɗaya ba. Mai son fuska sumul sai ya sayi baƙin falankin filawud mai kaurin milimita 18. Baƙin man mota da aka saba shafa wa akwati don kada ya manne, a nan haramun ne, tabonsa ba ya fita. Man akwati na musamman ake shafawa, shi ma sama-sama, don in ya yi yawa yana tara ƙananan ramuka kamar zanzana.

Sai ƙarfin akwatin. Ɗanyen kankare nauyinsa wajen kilo 2,400 ne a kowace kubik mita, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, kuma kafin ya kama kamar ruwa yake tura bango. Ginshiƙi mai tsawon mita uku in aka cika shi a tashi ɗaya, gindinsa na ɗauke da turi da ya haura tan bakwai a kan kowace murabba'in mita. Saboda haka maɗaurai a ƙasa kusa-kusa suke, kamar santimita 30, a sama a buɗa su zuwa 50 ko 60. In akwati ya buɗa ko da kaurin farce ne, ruwan siminti zai tsiyaye ya bar tsakuwa zalla, abin da ake kira saƙar zuma. An liƙe kowace haɗa da siririn soso, an kafa ɗan katako mai kusurwa uku na milimita 20 a kowane lungu don bakin ginshiƙi ya fito a dakushe, kada ya riƙa ɓantarewa.

Kwaɓin nasu siminti ɗaya ne, yashi ɗaya da rabi, tsakuwa uku. Da kwanon sarki, buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne, don haka buhu ɗaya yashi kwano uku, tsakuwa mai milimita 20 kwano shida. Kwaɓin da aka fi sabawa da shi, kwano huɗu da takwas, ya yi ƙarancin siminti ga fuskar da za ta sha ruwan sama. Ruwa kuwa jarka ɗaya ce, irin mai ruwan ɗorawa da mutanen Gana ke kira galan ɗin Kufuor, mai cin lita 25, kuma in yashi jiƙaƙƙe ne ba a ƙarar da ita. A nan ne rigimar kowane wurin gini take. Lebura yana son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗiba da zubawa, ba kuma za ka ga laifinsa ba in ka ɗauki kwanon sau ɗaya. Amma ruwan da siminti bai buƙata ba zai ƙafe ya bar ƙofofi, ta nan iskar kabon da danshi za su shiga. In ana son kwaɓi ya yi laushi, akwai maganin da ake ɗigawa a ciki, ba ƙarin ruwa ba. Na ji Baba yana ce wa yaron da ke kan injin kwaɓi, "Kai yaro, jarkar nan ita ce iyakarka." Yashin ma sai da aka gwada shi: a zuba a kwalba da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. In lakar da ta kwanta a sama ta wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na tsayin yashin, a wanke shi ko a mayar. Kuma siminti iri ɗaya, yashin rami ɗaya, daga farkon aiki har ƙarshe, in ba haka ba hawa na ɗaya da na biyu za su fito kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Zubin kansa hawa-hawa ake yi, santimita 30 zuwa 50, kada a sako kankare daga sama da mita ɗaya da rabi don tsakuwa na rabuwa da kwaɓi. Sandar injin girgiza a tsaye ake tsoma ta, ta ɗan shiga zubin ƙasa, a ƙirga daƙiƙa biyar zuwa goma sha biyar har kumfa ta daina tasowa, a zare a hankali. Ba a jingina ta da rodi, ba a taɓa jikin akwati da ita. Ba a kuma tafiya cin abinci a bar ginshiƙi rabi, don layin da zai fito tsakanin zubin da ya fara kamawa da sabo har abada yana nan.

Rana ta uku da hantsi na leƙa Fumesua, a kan hanyar Akra, inda cibiyar binciken gini da hanyoyi ta gwamnati take, wadda aka sani da BRRI. Sun daɗe suna kiran mutane zuwa ga gasasshen bulo da kuma fozolana, wato yumɓun da aka toya aka niƙa, wanda ke iya maye gurbin kusan kashi ɗaya cikin uku na siminti. Hujjarsu a fili take: kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa a Tema da Takoradi a yi siminti, daga waje ake shigo da ita da kuɗin waje, yumɓu kuwa ga shi a ƙarƙashin ƙafa. Kankaren da aka sa wa fozolana yana jinkirin yin ƙarfi, yana son a daɗe ana ba shi ruwa, amma ƙofofinsa sun fi matsewa daga baya. Me ya sa duk da haka bulon siminti ya cinye kasuwa? Lissafin hannu ne. Murabba'in mita ɗaya bulon siminti kamar goma yake ci, jan bulo kuwa sittin. Birkila mai karɓar kuɗi bisa aikin yini ya san wanda zai zaɓa. A ganina duk mai cewa ginin da ba filasta ya fi araha bai faɗi gaskiya duka ba: a ranar gini ya fi tsada, a kafinta da ƙwararren hannu. Ribarsa tana zuwa ne a shekarun da maƙwabci ke sake fenti kai kana zaune.

Jan bulo na ƙwarai tsawonsa milimita 215, faɗi 102 da rabi, kauri 65, an gasa shi a wuta mai digiri 900 zuwa sama da 1,000. Da motar bulo ta iso wurin aiki, kafin a sauke sai da Baba ya ɗauki biyu ya gwara su. Gasasshe ƙara yake kamar ƙarfe, wanda wuta ba ta ratsa ba sai ka ji bus. Ya saki ɗaya daga tsayin ƙugu a kan ƙasa mai tauri, bai fashe ba. Gwaji na uku sai an kwana: a auna busasshe, a jiƙa awa 24, a sake aunawa, in nauyin ya ƙaru fiye da kashi ɗaya cikin biyar, bulon mashayin ruwa ne, bai dace da bangon waje ba. Tanderu ɗaya ma ba ya ba da launi ɗaya, na kusa da wuta ya fi duhu, don haka ana ɗiba daga tuli uku lokaci guda a cakuɗa, kada bango ya fito da ɗamara.

Kafin a ɗora, ana jiƙa bulo a bar shi ya tsane, don busasshe yana zuƙe ruwan kwaɓi kafin ya kama. Kwaɓin kada ya fi bulon ƙarfi: siminti ɗaya, yashi biyar ko shida, in da laim, wato farar ƙasa ta gini, a sa siminti ɗaya, laim ɗaya, yashi shida. Kwaɓi mai tsananin ƙarfi ba ya ba da kai, in bango ya motsa bulon ne zai tsage. Tazarar kowane layi milimita 10, sahu huɗu santimita 30 cif, kuma akwai sanda da aka yi wa tsaga kowace milimita 75 ana dubawa da ita a kowace kusurwa. Haɗar tsaye sai an cika ta taf. Birkilan da ya saba da bulon siminti yakan shafa kwaɓi a baki kawai, ta nan ruwa ke shiga. In kwaɓin ya fara ƙarfi, yadda yatsa zai bar sawu ba tare da ya manne ba, sai a bi layin da lanƙwasasshen rodi mai milimita 12 a danne shi ya yi ɗan kwari mai santsi. Layin da aka ƙwaƙule ya shige ciki yana da kyau a hoto, amma kanta ce ake yi wa ruwa ya zauna.

Wurin da bulo ya haɗu da kankare shi ne inda aka fi kuskure. Jan bulo yana ɗan kumbura a tsawon rayuwarsa, yana shan laimar iska, kankare kuwa ƙanƙancewa yake. In aka cusa sahun ƙarshe ya matse da bim, wata rana ɗaya zai tura ɗaya. Saboda haka ana barin tazara kamar milimita 10 a ƙarƙashin bim a cike da abu mai laushi, a ɗaure bangon da ginshiƙi da ƙarfen da ba ya tsatsa bayan kowane sahu huɗu zuwa shida, dogon bango kuma a yanka shi da irin wannan tazara kafin ya wuce mita 12. A ƙasa ana shimfiɗa ledar hana danshi aƙalla santimita 15 sama da ƙasa. Bango mai kaurin rabin bulo ba zai tare ruwan Kumasi shi kaɗai ba. Ko a yi shi bulo guda, ko a yi biyu da rami a tsakani da ƙananan ƙofofin tsiyaya a ƙasa, ko baranda ta rufe shi, kamar yadda aka yi a wannan makaranta. Farin gishirin da ke fitowa a jikin sabon bango kuwa kada a bi shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki ya sake fitowa. A bari ya bushe a kakkaɓe da burushi.

Ranar da zan tafi, bayan sallar asuba, aka kwance akwatunan ginshiƙai huɗu da aka zuba kwana biyu da suka wuce. Gefen ginshiƙi yana iya buɗuwa bayan kwana ɗaya ko biyu; tokaren ƙarƙashin dekin da bim ne ke jiran mako biyu zuwa uku. Kafintan bai sa ƙarfe ya ɓanɓare ba, da ɗan turken katako ya riƙa buɗawa a hankali. Uku sun fito tas, toka-toka mai haske, jijiyar wawa kwance a jikinsu, kusurwa a miƙe. Na huɗun yana da saƙar zuma a gindi, faɗin tafin hannu, inda akwatin bai zauna daidai a kan ɗan tudun da aka fara zubawa ba. Baba ya ƙwanƙwasa wurin da guduma, ya sa aka sassaƙe har inda ya yi tauri, ya ga rodi bai fito ba. Ya ce a jiƙa wurin a cike da kwaɓi mai kauri, a haɗa da ɗan farin siminti, don faci kullum ya fi uwar jiki duhu, kuma a fara gwada launin a jikin wani gutsure a bar shi ya bushe. Ya juya ga kafintan ya ce, "Na gobe, a toshe gindinsu da kwaɓi tun yau da yamma."

Yara suka kawo tsofaffin buhunan algarara, waɗanda aka wanke tun jiya don kada su yi wa kankaren tabo, suka naɗe ginshiƙan huɗu suka kwarara musu ruwa. Haka za a yi ta yi safe da yamma har kwana bakwai, in da hunturu ne ma a ƙara. Ina ɗaukar jakata zuwa tashar Asafo, mai ɗebo ruwan yana cika jarka ta biyu.